Matan da Na Kora Daga Ƙofar Hajja Falmata

Makon jiya ɗaya daga cikinku masu koyon aikin talla ya tsaya a bayana ina aiki, ya ɗan kalli allon kwamfuta, ya ce, "Anti Saratu, ashe zuba kalmomi ne kawai a cikin akwati? Ai wannan ko a cikin keke sai in yi shi." Ban ga laifinsa ba, domin ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi wannan. Amma tunda yau babu wuta kuma janareta ya ƙi tashi, ku gyara zama in ba ku labarin Hajja Falmata ta unguwar Limanti a nan Maiduguri, wadda saura ƙiris ta rufe sana'ar turaren wuta da ta gada daga kakarta. Kalmomi biyu da na rubuta da hannuna suna cikin abin da ya kai ta bakin wannan rami.

Aikin namu a baki ba shi da tsawo. Mutum ya ɗauki waya, ya rubuta abin da yake nema a injin bincike, sai talla ta fito masa a sama. In ya danna, mai talla ya biya. In bai danna ba, ba a biya komai. Namu shi ne mu zaɓi irin rubutun da zai kira tallar ta fito. Shi ke nan fa. Sai dai shekaruna da yawa a kan wannan "shi ke nan" ɗin, kuma har yau in na buɗe rahoton abin da mutane suka rubuta, sai mamaki ya kama ni.

Da buga takardu na fara. Na yi shekaru a ofishin coci ina buga sanarwa da tsarin sujada, daga nan na koma wani shagon buga takardu a Gomari, inda in jirgi zai sauka sai mun dakata da magana. Mai shagon, Oga Modu, Babarbare ne da ya yi zaman Legas ya dawo da wannan sana'a a lokacin da ko sunanta ba mu taɓa ji ba. Da na roƙe shi ya koya min, na zaci kwamfuta zai tura min. Sai ya ba ni littafin rubutu da biro, ya ce in je Kasuwar Litinin wurin wani abokinsa mai sayar da lafaya, in zauna mako biyu. Kada in taya shi ciniki, kada in sa baki. In rubuta yadda kowane mai saye ya buɗe baki ya tambaya, kalma da kalma.

Na yi fushi sosai. Ni da yatsuna suka fi na kowa gudu a Gomari, a zaunar da ni a kan benci kamar mai jiran ganin likita. Amma kafin mako ya ƙare na daina fushin, saboda abin da nake gani a littafin. Wata za ta zo ta ce, "Akwai kaya masu kyau?" Wannan ko ita ba ta san abin da take so ba, tana iya saye, tana iya shan inuwa ce kawai. Wata ta ce, "Lafaya ta zuwa biki nake so." Wannan ta san hanya, ba ta san gidan ba. Wata kuma tun daga nesa za ta ambaci sunan yadin da kalarsa da inda aka saƙa shi, hannunta na cikin jaka. Mai shagon kuwa bai taɓa tashi tsaye don ta farko ba, kuma bai taɓa barin ta uku ta jira ba.

Da na mayar wa Oga Modu littafin, ya karanta shi tsaf, sannan ya ce, "To, yanzu kin ga mutanen. Saura akuyar." A wurinsa kowace kalmar talla akuya ce, kuma hanya uku ake kiwonta. Akwai sakakkiya, wadda ku kuke kira burod. Ka rubuta kalmar haka tsirara, ba alama ko ɗaya, injin ya sake ta ta shiga gari, duk inda ta ji ƙamshin abin da ya yi kama da ita sai ta sa baki. Tana samo ciyawar da ba ka san da ita ba, tana kuma shiga gonar mutane a zo a ce ka biya. Akwai mai doguwar igiya, wato firez, wadda ake sa wa alamar zance gaba da baya. Ita tana zagayawa, amma sai ma'anar jimlarka ta fito a cikin abin da mutum ya rubuta. Sai ta turke, egzat, wadda ake kullewa cikin baka mai kusurwa. Wannan ba ta cin komai sai abin da ka ajiye a gabanta, ko wanda ya yi kusa da shi ƙwarai. Ba ta ɓarna, amma in ka kafa turken inda ba ciyawa, da yunwa za ta mutu kana kallo.

Bayan haka ya ba ni abu na huɗu, wanda ya kira jerin kora. Kalmomi ne da in sun fito a rubutun mutum, talla ba za ta nuna fuskarta ba sam. A saman jerin akwai "kyauta", sai "hoto", sai "neman aiki", sai "yadda ake". Ya ce mai rubuta "yadda ake" ba saye ya zo yi ba, so yake ya koya ya yi da kansa, zai danna tallarka ya ci kuɗin mai kaya ya wuce. Gaskiya ya faɗa, kuma na ga gaskiyar da idona. Wani mai haƙa rijiyar burtsatse ya zo mana yana kukan talla ba ta kawo masa komai. Da muka duba, akuyarsa sakakkiya ce, kuma rabin masu danna masa ɗalibai ne da aka ba aikin gida a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Muka sa jerin kora, muka ɗaure masa igiya, kafin wata ya ƙare ya dawo mana da katan ɗin lemo. Tun daga ranar na riƙe jerin nan kamar laya. Duk wanda ya kawo min aiki, kafin in tambaye shi sunan mahaifinsa na riga na liƙa masa shi.

Abin da ba na gajiya da mamakinsa shi ne rahoton. Mutum a gaban allon bincike ba ya jin kunya. Abin da ba zai faɗa wa matarsa ko limaminsa ko fastonsa ba, sai ya rubuta shi a wannan ɗan layin, da kuskuren rubutu da komai. A shekarun da garin nan ya zauna babu wutar lantarki, ina riƙe da tallar wani mai haɗa sola, sai na ga wani ya rubuta yana neman solar da za ta iya riƙe ƙaramin firij saboda maganin sukarin mahaifinsa. Ban san shi ba, ba zan taɓa saninsa ba, amma na san abin da ya dame shi a wannan ranar. Injin kuma, wanda ba shi da uba ba shi da firij, ya gane cewa wannan mutum da mai solar nan ya kamata su haɗu, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. A farkon aikina haruffa kawai yake bi. Yanzu nufin mutum yake bi, ko da Hausa ya rubuta ko da Turanci ko ya cakuɗa su. Na daina ƙoƙarin fahimtar yadda yake yi.

Hajja Falmata ta shigo hannuna bayan na buɗe ɗan ofishina kusa da Kasuwar Litinin. Ɗanta Bukar, wanda ke aiki a Abuja, shi ya haɗa mu. Tsohuwa ce doguwa, ba ta da yawan magana, kuma tun daga bakin lungunsu hancinka zai nuna maka gidan. Mata biyar ke mata aiki a tsakar gida, wannan tana fasa itace, waccan tana tace sukari, amma haɗin ƙarshe ita kaɗai ke yi, domin ba a rubuce yake ba. 'Ya'yanta mata biyu, ɗaya ma'aikaciyar jinya, ɗaya malamar makaranta, ba wadda ta zauna ta koya. Na tsara mata talla mai tsabta wadda har yau nake alfahari da ita. "Sayen turaren wuta na Borno" a turke, "turaren wuta na amare" a doguwar igiya, lambar wayarta a jikin tallar don a kira ta kai tsaye, jerin kora a bakin ƙofa. Shekara shida tallar nan tana aiki, kwalabe suna tafiya Kano da Abuja da Legas. Ban taɓa samun dalilin taɓa ta ba.

Sai shekarar da ruwa ya shiga gari. Ba sai na ba ku labarinsa ba, kowannenku yana da nasa. Gidana a Gomari ruwa bai kai ba, amma ofishina ya nutse da kwamfutata a ciki, gidan kuma ya cika da dangi da 'yan cocinmu, har a kicin ana kwana. Sai bayan makonni na samu na shiga Limanti. Na tarar da Hajja a kan kujerar roba a tsakar gidan da ya koma warin laka. Buhunan kayan haɗin turare, sandal da gabgab da kajiji, duk sun jiƙe sun ruɓe. Matan da ke mata aiki sun watse, kowace ta bi danginta. Abin da ya tsira kwalabe ne kaɗan da ke saman durowa.

"Wushe, 'yata," in ji ta, tana yi min sannu da Barbarci. "Ya kuka ji da ruwa?"

"Mun gode Allah, Hajja. Ya aka ji da hasara?"

"Wanda ya ba da shi ya karɓa. Bukar zai zo ƙarshen wata ya tafi da ni Abuja, ya ce ya gyara min ɗaki. Ki sayar min da waɗannan da suka rage. In sun ƙare, an gama."

Na ce mata ai ana iya sake sayen itace. Ta ce a shekarunta ba a fara gini daga tushe don a sayar da kwalba, kuma wa za ta bar wa? 

A waya na buɗe mata sabuwar talla, ina zaune a bakin gadona yara na tsallake ƙafafuna. Wanda ya taɓa wannan aiki a ƙaramin allo ya san lalube ne. Na rubuta "turaren wuta na Borno" haka tsirara, ban sa mata igiya ba, na ce gobe zan gyara in liƙa jerin kora. Goben nan ba ta zo ba sai bayan kwana bakwai. Da na buɗe rahoton, sai na ga ɓarnar. Layi bayan layi, "yadda ake", "yadda ake", "yadda ake". Akuyar ta shiga gari ta ci ɗan abin da Bukar ya turo na talla, kwalba uku kacal aka saya. Ni da nake koyar da wasu, na yi kuskuren da ko ɗan koyon sati ɗaya ba zai yi ba, kuma a kan tsohuwar da ruwa ya riga ya cinye.

Na hau keke na tafi Limanti da safe don in faɗa mata da bakina. Na durƙusa na yi bayani iyakar iyawata, cewa na bar ƙofa a buɗe masu tambaya sun shigo maimakon masu saye, kuma ni zan mayar da abin da ya salwanta. Ta saurare ni har na gama.

"Me suke tambaya?"

"Ba abin kirki ba ne, Hajja. Masu son koyo ne kawai."

"Karanta min."

Na fara karantawa. Yadda ake haɗa turaren wuta na Borno. Yadda ake wanke farce kada ya yi ƙarni. Me ake sa wa turare ya daɗe a ɗaki. Yadda ake turaren wuta irin na tsofaffin Maiduguri. Farce, ga wanda bai sani ba, wani ɓawon dabbar ruwa ne da ake soyawa a cikin haɗin, in ba a iya gyara shi ba ya ɓata tukunya duka. Ina cikin karatu na zo kan wani dogon layi, rubutu irin wanda mutum ke yi in ya tabbata ba mai ganinsa: yadda ake turaren da mamana take yi mai kajiji ta rasu ban koya ba.

Hajja ta ɗaga hannu. Ta ce, "Wannan Yagana ce. A Fatakwal take aure. Shekaranjiya ta kira ni, mun fi awa muna magana. Kaskon uwarta na wurinta, ba ta san abin da za ta zuba a ciki ba." Ashe kwana bakwai ɗin nan wayarta ba ta huta ba. Mata ne 'yan Borno da aure ko aiki ko gudun tashin hankali ya watsa su ƙasar nan, suna kira daga Legas da Kaduna da garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba. Ita kuwa ta zaci labarin ruwa ne ya sa aka tuna da ita.

"Kin ce kin bar ƙofa a buɗe. Da a rufe take?"

"A rufe take, Hajja. Haka ake yi a aikinmu. Mai tambaya ba ya saye."

Ta kalle ni. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "A wurinmu wadda ta zo saye baƙuwa ce, a ba ta kayanta ta tafi. Wadda ta zo tambaya 'ya ce, tabarma ake shimfiɗa mata. Ni ma da tambaya na samu. Kakata ba ta taɓa sayar min da ko tsinke ba."

Na ce, "Hajja, in kin koya musu, wa zai sayi naki?"

"Wane nawa? Nawa ga shi can cikin laka." Ta taɓa hancinta da yatsa. "Wanda ruwa bai ci ba yana nan."

Kunya ta kama ni, amma mamaki ya fi kunyar yawa. Ku lura da abin da zan faɗa, domin ba a rubuta shi a cikin darussan da kuke kallo ba. Rahoto yana nuna maka waɗanda tallarka ta fito musu ne kawai. Wanda ka sa a jerin kora ba ya fitowa a ko'ina. Ba za ka ga layinsa ka ce kash ba. Allonka zai yi fes, lambobinka su yi kyau, mai kaya ya yi ta sa maka albarka, kai kuma ka ɗauka ka san kasuwarka. Shekara shida ina duba tallar Hajja duk ranar Litinin, ban taɓa ganin alamar matan nan ba, saboda ni na ce kada a nuna min su.

A ranar muka sake tsari, ita tana faɗa ina dannawa. Na cire "yadda ake" daga jerin kora, na ɗauki "yadda ake haɗa turaren wuta" na sa mata doguwar igiya, karo na farko a rayuwata. Na turke wasu biyu da suka fi yawan fitowa. Na bar sakakkiya ɗaya da ɗan abinci kaɗan, don ta riƙa yawo tana samo min tambayoyin da ban yi tunaninsu ba. Hajja ta so in cire "kyauta" ma, na ce a nan kam sai dai ta kore ni. Muka yi ta ja har ta yi dariya, ta ce taurin kaina ya nuna daga kudancin Borno na fito.

Ranar Asabar da hantsi ta fara koya musu haɗin ta kiran bidiyo. Aka jingina waya da turmi, ita tana gaban murhu da ɗan ragowar itacen da wata maƙwabciya ta ba ta, mata tara suna kallo daga garuruwa daban-daban. Ba ta san awo da cokali ba, sai dai ta ce, "Ki zuba har ki ji ya daina ƙamshin itace ya fara ƙamshin ɗaki." Suka yi ta tambaya, tana yi musu faɗa kamar 'ya'yan cikinta. Su da kansu suka yanke abin da za su riƙa ba ta. Sannan suka ce itacen da suke samu a can ba shi da kyau, ta zaɓo musu na nan ta aika. Don haka dole ta koma kasuwa, dole biyu daga cikin matanta suka dawo fasa itace. Da Bukar ya zo ƙarshen wata da mota, ya tarar da ita tana rigima da wata a Legas da ta ƙona sukari. Ya kwana biyu, ya koma shi kaɗai.

Bayan wata huɗu Hajja ta aika a kira ni. Wani direba ne ya kawo ƙunshi daga tasha, an naɗe shi da tsumma da leda, daga Fatakwal. Ƙaramar kwalba ce, haɗin Yagana na farko da ta yarda a gani. Hajja ta sa aka kawo garwashi a kasko, ta ɗebo kaɗan da yatsu uku ta zuba. Hayaƙin ya tashi. Ni ba masaniyar turare ba ce, amma na ga matan da ke fasa itace sun ajiye abin hannunsu sun juyo.

"Kajijin ya ɗan yi yawa," in ji Hajja. Ta sake jan numfashi, idonta a rufe. "Amma hannun kakata ne. Ya kai Fatakwal."

Ta rufe kwalbar, ta sa a cikin lafayarta. Na tashi zan yi sallama, sai ta riƙe min hannu.

"'Yata, shekara nawa kika ce ƙofar nan ta yi a rufe?"

"Shida, Hajja."

"Waɗanda suka zo a shekara shidan, injin naki zai iya nemo min su?"

Na san amsar tun kafin ta rufe baki. Duk da haka da na koma ofis na buɗe sabuwar kwamfutata, na duba duk inda ake dubawa, har inda na san ba a ajiye irin wannan. Injin da ya san mai neman firij saboda maganin mahaifinsa bai riƙe min ko layi ɗaya daga cikinsu ba. Har yau in na je Limanti takan tambaye ni ko an samu.